Ɗankande da Daɓen Ɗakin Mma Zuwera

Duk mai bin hanyar unguwar Aboabo a Tamale da safe ya san Ɗankande magini: tsohon keke, kwanon siminti a baya, cokalin gini a soke a ƙugu. Kafin ya karya kumallo sai ya je ya yayyafa wa daɓen jiya ruwa. Matarsa Adijatu kan ce siminti ya fi ta samun gaisuwar safe. Bana gwiwoyi sun ce sun gaji, ya ajiye cokali, kuma bai kamata mu yi shiru ba.

Aikinsa ya cika Tamale, amma mutanen unguwar Zogbeli ɗakin Mma Zuwera suke fara ambata. Ɗaki ne da titi ya fi shi tudu, sai an sauka matakala, daɓensa duk ramuka da tsagewa. Ita kuma tsohuwar idonta ya tafi. Da ta yi tuntuɓe ta fasa goshi, ɗanta Jamaldeen ya yanke magana: a gyara daɓen, in ta sake faɗuwa zai ɗauke ta zuwa wurinsa a Kumasi. A ɗakin nan ta haife shi, a nan mijinta ya cika. Ko sunan Kumasi ba ta son ji.

Ɗankande ya zo, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon tafiyarta. Sai ya lura ramukan nan su ne idonta. Wani ya kai ta randa, wata tsagewa ta nuna mata alƙibla.

Ya ce, "Mma, in na shafe duka sumul, yaya za ki gane hanya?"

Ta ce, "Shi nake tsoro, Masta. Ƙafana ya san ɗakin nan. In ka goge, na ɓace a cikin gidana."

Ya farfasa tsohon daɓen, ya zuba sabo, ya daidaita shi tas. Kafin ya bushe, ya danna igiya a kai, ya bar siririn layi daga gado zuwa ƙofa, zuwa randa, zuwa wurin sallarta. Jamaldeen ya gani ya riƙe kai.

"Masta, ka ɓata aiki!"

"Bari mai ɗaki ta gwada tukuna," in ji Ɗankande.

Ranar da ta koma ɗakin, ta tuɓe takalmi, ta lalubi layin da yatsan ƙafa, ta bi shi ba mai riƙe ta, ta tsaya daidai alƙibla ta ta da kabbara. Jamaldeen ya fita waje yana share hawaye.

Ɗankande, mai hannun alheri, kai ne ka dubi mai ɗaki kafin ka dubi ɗaki. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi. Ku kuma masu sana'a, kafin ku kwaɓa siminti, ku zauna ku ga wanda zai taka. Har yau Mma Zuwera tana ɗakinta.