Gurbin Jadwiga a Teburin Kakanni

A unguwar da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Haiphong, kowa ya san halin tsoho Khiem: duk inda hira ta faro, a Gdansk za ta sauka. Ka kai masa fanka gyara ka yi kukan zafi, sai ya ajiye aikin ya ce ai da ka taɓa jiran tarago, jirgin ƙasan cikin gari, a Gdansk cikin dusar ƙanƙara, da ka gode wa gumi. Ka yabi kifi, ya ce ba ka ci na can ba. Masu shayin bakin titi suka sa masa Ɗan Gdansk, shi kuwa ko a jikinsa, har amsawa yake.

Yana saurayi gwamnati ta tura shi Gdansk ta ƙasar Poland ya koyo ƙera jiragen ruwa, lokacin ana tsakiyar yaƙi. Ya dawo ya yi aiki a maƙerar jirage har ƙarfi ya ƙare, sannan ya buɗe 'yar rumfar gyaran fanka da famfo a ƙofar gida. Bai sake taka Gdansk ba, amma ba ta taɓa fita bakinsa ba: dogayen gidajen nan masu launi-launi, ƙamshin burodi da safe, ƙararrawar coci da ke biyo iskar teku. Abin da ya fi kama masa zuciya shi ne, gari ne da yaƙi ya niƙe, mutanensa suka tsince tubalan suka sake ta da shi. Khiem, da ya baro nasa garin ana yi masa ruwan bam, ya riƙa kallonsa kamar yadda majinyaci ke kallon wanda ya warke.

"Ni dai rabin miji aka sauke mini a tasha," in ji matarsa Dao in tana tsokanarsa. "Ɗaya rabin yana can yana jiran tarago."

Kamar kowane gida a Haiphong, nasu ma akwai teburin kakanni a ɗakin gaba, da kaskon turaren tsinke da hotunan mamata. A gefe can akwai wani ƙaramin hoto na wata Baturiya mai ɗankwali da kumatu. Jadwiga ke nan, mai dafa abinci a gidan kwanan ɗalibai da ya zauna a Gdansk. Dangi sun yi ƙorafi a kanta har sun gaji, don gardama da Khiem ɓata yawu ne.

To, tsufa ba ya shawara. Gwiwoyi suka ƙi, hannu ya fara rawa, lokaci ya yi da teburin zai koma gidan Tuyen, ɗansa tilo, mai tuƙa injin ɗaga kaya a tasha. Shi ne daga yanzu zai riƙa kiran kowane mamaci da sunansa a ranar rasuwarsa, ya ajiye masa abinci. Mamacin da ba shi da mai kira kuwa, sai yawo a titi da yunwa. Wannan shi ne abin da ke cin Khiem a rai, don Jadwiga ba ta bar kowa a duniya ba.

Ranar ɗaukar teburin Tuyen ya zo da jan ƙyalle. Ya kunna turare, ya sunkuya, ya naɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ƙaramin, sai ya tsallake.

"Ka bar ɗaya," in ji Khiem.

"Baba, ban manta ba ne. Wannan taku ce, a bar muku ita."

"In na mutu fa?"

Tuyen ya sosa ƙeya. "Baba, don Allah ku duba. Teburin dangi na dangi ne. Surukaina za su shigo su ce wace ce wannan? In ce musu kukun makarantar Baba ce? Kuma ko ranar rasuwarta ba mu sani ba."

Gaskiya ne. Wani tsohon abokin karatu ne ya je can bayan shekaru, ya dawo da labarin ta rasu, bai tambayi rana ba. Khiem da kansa ya zaɓa mata ranar farko ta Nuwamba.

"Zauna," ya ce. "Kai ba ka taɓa tambayata dalilin ranar ba, ni kuma surutun tarago ya hana ni faɗa."

Dao ta leƙo daga kicin, ta ga fuskar mijinta, ta fasa tsokanar da ke bakinta.

A shekararsa ta biyu, in ji shi, jami'in da ke kula da ɗalibai ya kira shi ya ce bam ya faɗa unguwarsu tun watanni baya, mahaifiyarsa na ciki, ba a ma sami gawar ba. Ba halin dawowa. Ba turare, ba hoto, ba ko kabarin da zai fuskanta. Ya daina cin abinci. Jadwiga ta lura kwanonsa na dawowa yadda ta zuba, ta tsare shi a bakin kicin sai da ya faɗa mata, da guntun harshen da ya iya.

Ranar farko ta Nuwamba ta sa masa rigar sanyin marigayi mijinta, ta ja shi har maƙabarta. A ranar duk garin ke fita ziyarar mamatansa. Yana shiga ya ga kyandirori ko'ina, kabari bayan kabari, tsofaffi da yara suna shara suna jera furanni.

"Na ɗauka mu kaɗai muka san haƙƙin mamaci," in ji Khiem. "Ashe ga gari guda."

Ta kai shi gindin wani babban gicciye, inda ake kunna wa waɗanda ba su da kabari. Mijinta da ɗanta duk yaƙi ya cinye su, ba a ga ko takalminsu ba. Ta kunna musu kyandir biyu. Sannan ta fito da na uku daga jaka, ta tambaye shi sunan mahaifiyarsa, ta maimaita, ta matsar da nata biyun gefe don a sami wuri.

"Ta ce mini, 'Bar ta nan kusa da nawa, kada ta zauna ita kaɗai a baƙon gari.' Kuma kowace shekara sai ta kunna uku, har na taho. Kakarka, Tuyen, a wurin kukun nan ta fara samun masauki. Ita ba ta ce teburin dangi na dangi ne ba."

Tuyen ya daɗe yana kallon hoton, kunya ta rufe shi. Ba mai yawan magana ba ne, don haka bai ba da haƙuri ba, sai ya miƙa hannu biyu ya ɗauko shi.

"To me take ci?" ya ce. "In sanar da matata Oanh, tunda ita ce da girki."

Khiem ya buɗe baki da saurinsa na kullum. Baƙin burodi da man shanu, zai ce, da miyar kabeji, abin da ya saba ajiye mata. Sai maganar ta maƙale. Wannan ai abin da take zuba masa ne. Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa, wadda ta riƙe lambar kowane tarago da sunan kowane titi, bai sami rana ɗaya da ya ga Jadwiga zaune tana cin abinci ba. Kullum a tsaye take da ludayi. Shekaru ya yi yana miƙa mata kwano, bai taɓa tambayarta abin da take so ba.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban sani ba."

Dao ta fito tana goge hannu, ta karɓi hoton daga wurin ɗanta, ta sa shi cikin ƙyalle ɗaya da na surukarta, ta naɗe su tare.

"Ka ce wa Oanh ta ƙara shinkafa da kifi a kwanon kakarka," ta ce. "Wannan karon Jadwiga ce baƙuwa. A bar ta ta zauna, a zuba mata."