Tayar Taɓo

Abin da na fara gani a jikinsa babban yatsansa ne. Yana tsugune a gindin Landi, motar buronmu, yana danna taya kamar mai zaɓen kankana. A littattafan soyayya da nake saye a kasuwa da ido ake farawa, amma shi direbanmu bai ɗago ba.

Shekara ta biyu ke nan damina tana ƙin tsayawa. Ni ce sakatariya a wani ƙaramin buro, wato ofis, da ke kai madara da magani ƙauyukan Dogo da Drum. Tayoyin motar huɗu sun suɗe, kuma sau biyu tana kafewa a rairayi cikin wata guda. Shef, shugaban buron, ya ce wa direba idan ta kafe ta uku, ya ajiye makulli. Daga nan ya sa hannu a farar takardar oda, ya ce in cike ta, ya tafi Yamai.

Direba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Madmazel, ki rubuta mai faɗi, mai laushin zane. Lambarta tara da sha shida. In na rage mata iska, tafiyar raƙumi take yi a kan yashi."

"Ɗaya irin fa?" na ce.

"Bakwai da rabi, siririya, mai haƙora. Ta taɓo ce. A rairayi rami take haƙa wa kanta."

Mai gadinmu, dattijo ɗan Drum wanda ya yi shuka sau uku bara bai ga zangarniya ba, ya ajiye butarsa.

"Kai, ɗan nan, saura wata guda damina ta faɗi, za ka sayi tayar rani? Ka yanke wa Allah hukunci ke nan?"

"Baba, ni taya nake saye."

"Shekara nawa take yi?"

"Biyu."

"To, fari biyu ka yi mana oda."

Kafin azahar maganar ta kai wurin mai ƙosai. Aka ce direban Landi ya ce ba ruwa bana, ba ruwa baɗi. Ranar ba ta ba shi gyara ba.

Na zauna gaban mashin ɗin buga takarda. Zan iya cewa tsoron bakin mutane ne ya sa ni, amma ba shi ba ne. Na riga na gama tsara yadda za a yi: hadari zai taso mana a hanyar Kara-Kara, unguwarmu, motoci duk su maƙale, tamu ta wuce tana watsa laka, shi kuma ya juyo ya ce wani abu. Abin da zai ce ma na rubuta masa shi a bayan littafina. Na buga bakwai da rabi, mai haƙora, guda huɗu.

Da tayoyin suka iso ya zagaya su sau ɗaya. Ya kalle ni, karon farko ido cikin ido.

"Ke kika rubuta, ko can suka yi kuskure?"

"Ni ce."

"To," ya ce, ya tafi ɗauko jak.

An yi yayyafi sau biyu a shekarar. Wata rana, ana saura kaɗan shi da masu allurar rigakafi su shiga Dogo, motar ta nutse a rairayi har ciki, da rana tsaka. Ƙanƙarar akwatin allura ta narke kafin a samo shanun da ke da ƙarfin ja. Matan da suka jeru da yara tun safe suka koma gida.

Na gaya wa shef ni na sauya odar. Ya ce ba ni ke riƙe da sitiyari ba, kuma ba wanda ya iya mashin sai ni. Direba ya ajiye makulli a kan teburina, ya ce a gaida gida.

Bayan shekaru na ji ya shiga tuƙin babbar mota zuwa Agadas, ya auri wata mai sayar da fura, sun haifi shida. Ciwon baya ne ya sauke shi daga mota. Yanzu yana kiwon tumaki a bayan gari, kuma an ce suna da ƙiba.