Kunkuru a Ɗakin Ƙiraga

Kwamfutar da kawuna ya tsallako da ita daga Konni ba ta samu masauki ba sai ɗakin ƙiraga, don nan kaɗai wayar janareta take kaiwa. Kawu dillalin fata ne. Wanda bai taɓa zama cikin ɗanyun fatun awaki da bazara ba, bai san iyakar haƙurin hancinsa ba. Ƙudajen ɗakin nan, in ka shiga ba sallama, sai sun kai ka ƙasa.

Kafin na'urar ta buɗe ido sai an sha wahala. A kinkimo talabijin daga ɗakin kawu, a yi ta murɗawa har allon ya daina yayyafi, a jona rikoda, sannan a tokare wayar baya da tsinken tsire don ba ta zama. Madannan rubutun kuwa kullum naso suke da man ƙuli-ƙuli, aikin 'ya'yan kawu. In na gama, yatsuna har ƙyalli suke.

Duk da haka na nace, saboda wata 'yar alama a tsakiyar allo da ake kira kunkuru. Ka rubuta masa ya yi gaba ko ya juya, sai ya tafi yana jan layi. Faransanci kawai yake ji, sai da wani tela ɗan Nijar ya karanta mini littafin na'urar. Abin da ya kama ni shi ne, kana iya koya masa aiki ka ba aikin suna, sannan aikin ya riƙa kiran kansa da ƙaramin awo, zane cikin zane.

Kawu bai ga abin burgewa ba. Ya ce wani ɗan kasuwa yana son kwamfutar. In kafin ranar kasuwa ta fitar da zanen hula wanda masu ɗinki za su kwafa, ta zauna. In ba haka ba, ta kama hanya.

Hutuna duka a ɗakin nan ya ƙare, har ƙannena suka daina cin abinci kusa da ni. Amma zanen ya fito, mai kyau kuwa. Da yake na'urar ba ta riƙe komai in an kashe wuta, sai na naɗe aikin a kaset. Na bar shi cikin rikoda.

Ranar kasuwa da safe na tarar ba rikoda. Na same ta a cinyar kakata, tana goge baki. Wani direba zai tafi Ikko, ita kuma ta saba aika wa autanta saƙon murya a kaset. Ta ce ta kunna nawa ta ji sai ƙara yake kamar an taka wutsiyar mage, ta tabbata ya lalace, shi ne ta taimaka ta yi magana a kai.

“Tsohuwa, kin kashe ni,” na ce.

“Mi ni kashe, maigida? Wanga kuka kaka kira aiki? Je ka yi wanka, kana warin bunsuru.”

Na kwashi rikodar na jona, ko Allah zai sa wani abu ya tsira. Kwamfutar ta saurari gaisuwar kaka, da labarin saniyar da ta ƙi ci, da sunayen duk wanda ya rasu daga nan har Amarawa. Ko layi ɗaya na aikin bai tsira ba.

Kawu da mai saye suka shigo suna toshe hanci. Na hau sake rubutawa daga ka, gumi yana ɗiga kan madannai. Garin sauri na manta layin da ke gaya wa aikin inda zai tsaya. Kunkuru ya yi ta juyi wuri guda, ya tara wani baƙin dunƙule kamar kashin tunkiya, na'urar ta shaƙe ta yi shiru.

Kawu ya daɗe yana kallon allon. Ya tambaye ni ko wannan ce hular. Ya sa aka cusa kwamfutar a buhun gishirin fata, kuma don a cika mini baƙin ciki, ni aka ɗora wa ita a ka har tasha.