Hancin Mai Wanki

Ba ya ninke riga sai ya kai ta hanci. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, sannan ya ɗora ta kan 'yan'uwanta. Shekara arba'in ina kallon haka daga shagona na ɗinki, don ƙofata da tasa suna duban juna. Mai Wanki kowa ke ce masa.

"Tela, ido yana ƙarya, hanci ba ya yi," in ji shi.

"To cinye rigar mana, tunda ta yi ƙamshi."

"Wadda ka ɗinka? Ai sai ta tsaya min a wuya."

Da sabulu ya cinye masa yatsu, hannun ya fara rawa, sai babbar 'yarsa ta sayo masa injin wanki, irin na gida mai ƙofar gilashi a gaba. Aka ajiye a ɗakin baya kusa da famfo. Ya riƙe shi kamar babban baƙo. In ya gama aiki sai ya rufe ƙofar gam, ya lulluɓe shi da tsohon bargo kada datti ya shiga. Garin sabulu kuwa, inda aka ce ludayi ɗaya, shi uku yake zubawa. A wurinsa kumfa ita ce tsabta.

A shekarar ya yi wata doguwar mura. Ta tafi, amma ba ita kaɗai ta tafi ba. Na gane ranar da tukunya ta ƙone a gidansa, ƙauri ya cika layi, shi yana bakin ƙofa yana guga abinsa. Hancin ya daina jin komai. Riga dai bai daina kai ta hanci ba.

Sai kayan suka fara fitowa da wani abu. A ido fari fat, karin guga kamar wuƙa, amma in mutum ya sa ya ɗan yi gumi, sai ka ji kamar tsumman da ya kwana a bokiti. Direban da ke kawo kaya duk mako ya ce matarsa ta karɓi wankin. Malamin makaranta ya canja hanya. Wa zai dubi tsohon da ya yi wa ubansa wanki ya ce masa wankinka na wari?

Ni ban daina ba shi nawa ba. In ya kawo, sai in shanya a bayan shago inda ba zai gani ba. Sau biyu na tsallaka da niyyar magana. Sau biyu muka yi hirar ciwon gwiwa na dawo.

Ban da ni, saura mutum ɗaya, wata ma'aikaciyar asibiti mai fararen riguna. "Muddin farin kayan nan na shigowa ɗakina, Tela, ban tsufa ba," haka yake cewa.

Wata safiya ta zo karɓar kayanta, ba ta kawo wasu ba. Ina wurin. Ta daɗe tana juya jaka a hannu, sannan ta ce, "Baba, in ga injin?"

Ta yaye bargon, ta buɗe ƙofar. Wari ya buso, ni na ja baya. Shi ko gezau. Ta sa yatsa ta ɗaga leɓen robar da ke zagaye da bakin injin. Baƙar funfuna, daskararren sabulu, da ruwan da ya daɗe a kwance.

"Iska yake so, Baba. A bar ƙofar a buɗe, a rage sabulu. A goge nan da ruwan kal mai tsamin nan, a juya shi da ruwan zafi ba kaya a ciki. In warin ya daina, zan dawo da kayana."

Ya dubi yatsanta, ya dube ni.

"Tun yaushe, Tela?"

"An ɗan jima."

"Har da kai?"

Na dubi ƙasa.

Washegari ya durƙusa gaban injin da tsohon buroshin haƙori. Gwiwa ba ta barin shi ya daɗe. Sai ya goge ɗan wuri, ya leƙo ya kira ni: "Zo ka ara min hancinka."

In sunkuya in shaƙa.

"Yaya?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake. Haka ka ce wa direba da ka yanke masa wando."

Kwana uku muna haka. Ran na huɗu ya durƙusa bai iya tashi ba. 'Yarsa ta zo da mota ta tafi da shi gidanta, ta ce sai ya ji ƙarfi. Wata bakwai ke nan.

Ma'aikaciyar asibitin takan tsaya ta tambaye ni jikin Baba, da jaka a hannunta. In ce da sauƙi.

Mabuɗin ɗakin yana wurina. Nakan shiga in buɗe taga. Na gwada durƙusawa sau ɗaya, sai da aka ɗaga ni. Robar tana nan, rabi fes, rabi baƙi ƙirin, buroshin a maƙale daidai inda ya tsaya. Ƙofar injin dai na bar ta a buɗe.