Makiyayin da ya zaɓi wuta

Wata biyu ke nan ƙasan ƙafata ta dama, gindin yatsu, na yi mani kamar na taka garwashi. Ni kuwa mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a tsaye nake wuni. Lokotoro a Maradi ya ce jijiya ce ta matsu, ba sai an yanka ba: ko takalmi mai faɗi da matashi mai taushi a ciki, ko allura. Surukata kuma ta aiko da wani garin shafawa daga Adjekoria. Kowa na rantsuwa da nasa, ni kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Ciwon nan ne ya tuno mani da Kaka Abu.

Muna yara, bayan magariba takan zauna bakin murhu a gidanmu na Dakoro, ta miƙe ƙafa ɗaya tana murza ta da man shanu. Nan muke kewaye ta.

"Matso, mijina marar ko akuya," ta ce mani. "Ga ta nan, ku riƙe ta da kyau."

Wai wani makiyayi ne ƙafa ta hana shi bin shanu. Ranar kasuwar Birnin Lalle ya je gun wanzami aka yi mashi sakiya da ƙarfen da ya yi ja a wuta, wata tsohuwa ta shafa mashi magani, baduku ya ɗinka mashi takalmi mai faɗi ya cusa gashin tunkiya a ciki. Duk rana ɗaya. Ciwo ya tafi.

Da shekara ta kewayo takalmi ya mutu, ciwo ya dawo, ga abokan kiwo na shirin yin arewa. Wajen wa zai koma? Bai sani ba. Sai ya ce ai wanda ya fi zafi shi ya yi aiki. Ya sake miƙa wa wanzami ƙafa, miki ya ruɓe, aka kora shanunsa ba da shi ba.

"To, Kaka, wanne ya warkar da shi da fari?"

"Ni na sani? Ina can?" Sai ta ɗaga murya wajen Kawu Idi, ɗanta, da ke gyaran igiya a gefe. "Wasu dai ƙafar mutane ba ta yi masu zafi."

Yanzu ina zargin ƙirƙirar tatsuniyar ta yi, don a kwanakin Kawu ya matsa a kai ta sakiya. Ba zan rantse ba. Mai yiwuwa ma ita kanta ba ta san abin da ke sa tata ƙafar lafawa ba, tsoron ƙarfen kawai take ji.

Duk da haka na koma wa lokotoro na ce a dakata da allurar, ba don na raina ta ba. Garin surukata na ajiye shi cikin kwano. Takalmin kaɗai zan gwada tukuna, don in ya yi ko bai yi ba in san wa zan tuhuma. Jiya na shiga aji da shi, faffaɗa kamar ƙafar raƙumi. Yara suka yi ta dariya. Na tsaya har aka tashi.