Ranar Da Baba Ya Danna Mini Gem

Shekarun baya, ina zaune gidanmu a Kudan, ciwon sikila ya sako ni gaba har na daina zuwa shagon ɗinki. Ji kake kamar ana kwankwatsa maka ƙashi da guduma, kuma babu rauni balle ka nuna. Sai da ta kai ina roƙon allurar kashe zafi tun ciwon bai gama tasowa ba, har wata ma'aikaciyar asibiti ta ja ni gefe ta ce in ban yi hankali ba, allurar za ta zame mini ciwo na biyu.

A wannan tsakanin wani abokina ya kawo mini 'yar na'urar gem mai batir, irin wadda tubala ke faɗowa kana jera su. Na yi dariya, ƙato da ni, shekara ashirin da shida. Amma da ciwon ya motsa na ɗauka, sai na ga in hankalina yana kan tubalan nan ina iya jure awa guda, wani lokaci biyu, ban nemi allura ba. Ciwon yana nan, sai dai ba shi kaɗai ke cikin kaina ba.

Mahaifina bai so abin ba. Manomin rake ne, bai san zama ba. In ya dawo gona ya ji ƙarar na'urar, sai ya ce wa mahaifiyata, "Mai ciwo carbi yake riƙewa, ba kayan wasan yara ba." Maganar tana ci na.

Wata damina aka yi kwana biyu ana ruwa, ciwon ya sauka a hannuwana. Yatsuna suka kumbura, ko cokali ba na iya riƙewa. Bayan la'asar Baba ya shigo ya same ni ina juyi a katifa, ina cewa a kira mai allura.

"Ba jiya aka yi maka ba?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

Ya daɗe a tsaye. Can ya zauna bakin katifar, ya ɗauko na'urar yana jujjuyawa. "Ina ake dannawa?"

Na nuna masa da haɓa. Ya riƙe ta daidai fuskata, ina cewa, "Hagu, Baba, hagu, juya shi," yana dannawa da yatsun nan nasa da fartanya ta kangarar. Maɓalli biyu yake haɗawa lokaci guda. Tubalan su cika, ya ce, "Subhanallahi, sun fi ƙarfina," mu sake. Sau ɗaya har tsawa na yi masa, "Hannun dama na ce!" Ya ce, "To, yi haƙuri." Haka muka yi har aka kira magariba. Ranar ba a kira mai allura ba.

Bai taɓa tada maganar ba, ni ma haka. Bayan shekara uku ya rasu.

Har yau ciwon yana zuwa, ko da yake allurar na daɗe da rabuwa da ita sai in likita ya rubuta. Ina jin har Baba ya koma ga Allah bai yarda gem abin kirki ba ne. Bai yarda ba, amma ya zauna. Shi ya sa yanzu in na je duba mara lafiya nakan rage ba da shawara, in tambaye shi abin da zan riƙe masa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu.