Jar Motar da Babu Mota a Cikinta

Shekara talatin da ɗaya Noeleen Tuckwell ta yi tana buga fayafayan garmaho a wata masana'anta a Melbourne, amma safiya ɗaya kaɗai ake tunawa da ita, wata Talata a 1972.

Aikin ba wuya. Takardar suna a ƙasa, curin roba mai zafi a tsakiya, wata takardar a sama, sai inji ya danne. Ran nan aka mayar da ita injin wata da ba ta zo ba. Noeleen bahaguwa ce, sai ta sauya wa tarin takardun nan biyu wuri don hannunta ya sake, ta kuma manta cewa ta sauya, sai sunan kowace fuska ya koma kan ɗayar. Kafin shayin ƙarfe goma ta buga faifai ɗari uku, aka kwashe su zuwa gidajen rediyo.

Faifan na wasu samari huɗu ne 'yan unguwar Footscray. Fuskar farko "Jar Mota" ce, waƙa mai ihun jita wadda kamfani ya ɗora wa buri. A bayanta akwai wata 'yar sanyayyar waƙa da makaɗin gangarsu, Lindsay, ya yi wa mahaifiyarsa, aka saka ta don cike wuri. Masu rediyo kuwa fuskar da aka rubuta wa ta farko suke sakawa. Haka gari ya wayi gari yana jin wani yaro yana ba uwarsa haƙuri, mai gabatarwa na cewa wannan ita ce "Jar Mota".

Ranar Juma'a shugaban sashensu, Merv, ya leƙo.

"Noels, manaja na son ganin ki Litinin. Ki zo da katin aikinki."

Ta san ma'anar zuwa da kati: kora. Mijinta ya rasu bara, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta, kuma ba ta iya wani aiki ba sai wannan. Asabar da Lahadi ta yi su tana goge kayan da ta riga ta goge, rediyo a kashe.

Litinin ta tarar da wani dogon saurayi mai gashi har kafaɗa a ofishin, riƙe da kwalin kek.

"Ke ce Misis Tuckwell? Ni ne Lindsay. Mama ta ce in kawo miki. Tana wanke-wanke ta ji waƙar, ta saki faranti. Shekara biyu ba ta yi min magana ba saboda gashin nan."

"Gashin dai yana bukatar almakashi, ɗana," in ji Noeleen.

Manaja ya yi gyaran murya. Tun Asabar kantuna ke bugo waya, kowa na neman "Jar Mota" mai sa kuka. Ya ce ta koma injinta, kuma takardun nan ta bar su yadda ta ajiye su.

Waƙar ta yi mako shida a sahun gaban waƙoƙin da aka fi saye. Daga baya wata mawaƙiyar karkara ta sake rera ta, sai mawaƙan wani coci na 'yan tsibirin Tonga, sai wasu samari masu askin ban tsoro da suka gama ta cikin minti ɗaya da rabi. Duk "Jar Mota" suke kiranta, ko da yake ko taya babu a ciki. Noeleen ta fi son ta 'yan Tonga, wai su ne ba sa gaggawa.

Ranar da ta cika shekara tamanin Lindsay ya zo da kek kamar kowace shekara, kansa fes babu gashi ko ɗaya. Merv, da sandarsa, ya ɗaga kofin shayi.

"To Noels, yanzu dai kin gane dama da hagu?"

Ta ci gaba da yanka kek da hagunta.

"Tuntuni na sani, Merv. Shekara talatin da ɗaya ina sa kowace takarda a wurinta, ko sannu ba wanda ya ce min. Da na san haka ne, da na riƙa kuskure duk Talata."